Ni nake shan giya a ɓoye, tuwon Alhaji ake zargi

Assalamu alaikum Malama mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu na gida da na waje. Ina gaishe ku da aiki da kuma haƙuri da irinmu. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine min. Zagi kam na san zan sha, kuma na cancanta, amma wanda nake yi wa kaina kullum ya ishe ni, shawara nake nema. A sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Ni mutumin Kano ne, shekarata talatin da huɗu, ina da mata da 'ya'ya biyu a gida. Shekara biyar ke nan ina Dubai ina aikin kago a Murshid Bazar, wato mu ne masu karɓar kayan da 'yan kasuwarmu suka saro, mu ɗaure, mu auna, mu loda zuwa gida. Wanda ya kawo ni, ya yi min biza, ya koya min aikin, wani dattijo ne mutumin Maraɗi, bari in kira shi Alhaji Isufu. Ba dangin iya ba na baba, a Kano kawai ya gan ni ina rubuta wa wani maigidana rasit, ya ce rubutuna ya burge shi. Ranar da na sauka da kansa ya ɗauko min katifa a ka ya hau da ita bene har ɗakin da ya kama min a Al Ras. Wannan mutumin ne nake kallo ana ɓata masa suna saboda ni, na yi shiru.

Alhaji yana da wata al'ada da duk Bahaushen da ke unguwarmu ta Dera ya sani. Kowace Alhamis, idan an rufe shaguna don hutun rana, matarsa Hajiya Mariyama takan tuƙa tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa busasshiya, da man shanun da ake aiko mata daga gida, duk wanda ya ga dama ya zo ya ci. 'Yan Nijar, 'yan Kano, baƙon da ya sauka jiya, kowa. Wanda ya yi wata uku yana cin shinkafar Indiyawa shi ya san darajar wannan tuwon. Ni kuwa wurina daban ne, kwano ɗaya muke ci da Alhaji, shi yake tura min nama gabana yana cewa, "Ci, ƙanena, kai ka aikin ƙarfi."

To ga abin kunyar. Shekara biyu ke nan ina shan giya. Ba zan ce wani ya ja ni ba, don ba wanda ya ɗura min. Wani baƙon ɗan kasuwa na raka otal ɗinsa da kaya, ya miƙo min kofi, na karɓa. Na san ko mene ne. Abin da ya kama ni shi ne a ranar na ji kewar gida ta sauka daga ƙirjina, na yi dariya irin wadda na manta ina da ita. Daga nan ya zama duk Alhamis, tunda Juma'a hutu ce, idan mun rufe sito sai in hau kwale-kwale in tsallaka ruwa zuwa wani otal inda ba Bahaushe, in zauna a lungu in sha. Ni ɗan limami. Ni da mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya aske min kai da hannunsa ranar da na sauke Alƙur'ani.

Amma ba shan ne ya sa na rubuto ba, washegarin ne. Malama, ban san yadda zan kwatanta muku safiyar Juma'ata ba. Ba ciwon kai nake nufi ba, wannan da ƙwaya biyu ya wuce. Wani baƙin ciki ne yake danne ni tun kafin in buɗe ido, kamar an ɗora min buhun siminti a ƙirji. Gabana ya yi ta faɗuwa ba dalili. Waya ta yi ƙara in ji kamar mutuwa za a faɗa min. In tuna wata magana da na yi shekara goma da suka wuce in ji kunya kamar yanzu na yi ta. In ga kamar 'ya'yana sun fi dacewa da wani uban, matata ta yi asarar ƙuruciyarta, ni ba ni da amfanin komai a duniya. In ja bargo in yi ta kuka, ƙato da ni, ina jin huɗuba daga masallacin da ke bayan gidanmu amma ƙafata ta ƙi ɗaukata. Asabar in ɗan farfaɗo, Litinin in ware, kafin Laraba na koma mutum. Alhamis kuma zuciyata ta ce ai ka sha wahala makon nan, je ka huta. Wane irin hutu ne wannan?

Da farko na ɗauka nadama ce kawai, tsoron Allah ne yake cina. Akwai wannan, ba na musu. Amma da abin ya yi yawa na je wani ƙaramin asibiti, na tarar da likita ɗan Sudan, na ce masa zuciyata ce take bugawa. Ya auna ni, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya tambaye ni wace rana abin ya fi zuwa, na ce Juma'a. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ya akhi, kana sha ranar Alhamis?"

Na ce a'a. Ya tsare ni da ido, ba faɗa ba tsawa, har na sunkuyar da kai na ce e. Sai ya ja takarda ya zana layi ya hau sama, sannan ya gangaro da shi ƙasa, ƙasa da inda ya fara. Ya ce haka giya take yi, tana ɗaga mutum na 'yan awoyi, idan ta fita daga jiki sai ta sauke shi ƙasa da inda ta same shi, ta lalata barci, ta bar shi da fargaba da ƙunci. Ya ce baƙin cikin da nake zuwa in kashe da ita, ita take haifar da shi. Ya ce in daina, in dawo ya taimake ni. Na ninke takardar na sa a aljihu, ban koma ba. Ku riƙe wannan, don shi ne laifina mafi girma: na san dalilin ciwona tun kafin abin da zan faɗa ya faru.

Wata uku da suka wuce yayana, Yaya Sani, ya zo saro takalma da atamfa, ya sauka a ɗakina. Kayan suka yi jinkiri, zamansa ya yi tsawo. Yaya mutum ne mai lura, kuma yana sona, wannan ba na shakka. Juma'ar farko ya ce gajiya ce. Ta biyu ya tsaya a kaina yana tofa min addu'a. Ta uku ya same ni ina kuka a banɗaki, ya fita ya sayo katin waya ya kira Hajiyarmu. Za ku ce bai ji wari ba? Ya ji. Duk da kanumfarin da nake taunawa da turaren da nake bulbulawa, ya ji. Amma Yaya tunda aka haife shi bai taɓa zama kusa da mashayi ba, bai san warin ba. Da kunnena na ji yana gaya wa Hajiya, "Har wani tsami-tsami yake fita daga jikinsa, irin na wanda aka yi wa aiki." Ina kwance ina ji, na rufe ido kamar mai barci.

Hajiya ta shiga malamai. Aka aiko min da rubutu a gora ta hannun wani fasinja, da garin magani, da na hayaƙi. Na sha, na yi wanka, na turara, ina sane da ba inda za su taɓa. Wani malamin ya ce mata abin a abinci aka ba ni, kuma wanda ya yi na kusa ne, muna sa hannu a kwano ɗaya. Yaya ya fara lissafi. Me nake ci ran Alhamis da ba na ci sauran ranaku? Da wa nake haɗa kwano? Wa yake zaɓar nama da hannunsa ya tura min? Har dalili ya samo, wai 'yan Kano sun fara kiran sunana idan sun zo kago, Alhaji yana tsoron in buɗe nawa in kwashe masa mutane, shi ya sa yake so ya nakasa ni.

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, mutumin nan uba ne a wurina."

Ya ce, "Auta, ai duk wanda aka yi wa barbaɗe haka yake kare wanda ya yi masa. Wannan ma yana cikin aikin."

Sai tafiyarmu garin Hatta ta zo ta ƙarasa ni. Wani abokin cinikin Yaya mai mota ya ce mu je mu ga duwatsu, muka tashi Alhamis da safe, muka kwana a wata gona can kusa da iyakar Oman. Babu otal, babu kwale-kwale, babu inda zan sulale. Shayi muka sha, muka ci dabino da gasasshen nama, na kwanta da wuri. Malama, da Asuba ni na tashe su. Na yi salla na ji daɗinta, na fita na ga rana tana fitowa ta bayan duwatsu, iska mai sanyi tana kaɗawa, ƙirjina wasai. Muka je madatsar ruwa ina ta tsokanar Yaya saboda tsoron hawa dutse. Rabona da irin wannan Juma'ar har na manta. A raina na ce likitan nan ya yi gaskiya, ga shaida na gani da idona. Ashe Yaya ma shaida yake tattarawa. A mota muna dawowa ya dafa gwiwata, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka gani ko? Jiya ba ka ci tuwon mutumin nan ba. Khalas, magana ta ƙare."

A nan ya kamata in buɗe baki. Kalma nawa ce? Yaya, ba tuwo ba ne, giya ce. Na buɗe bakin, wallahi na buɗe, sai na hango fuskar Hajiya da hawan jininta, na hango surukina wanda ya ba ni 'yarsa don ni ɗan malam ne, na hango 'yan layinmu a kasuwar Kwari suna nuna Yaya da baki. Na mayar da bakina na rufe. Na ce, "Allah dai ya kyauta." Yaya ya ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama Dera. Kun san mu, ba mai zuwa ya tambayi mutum, sai dai a janye jiki. Alhamis ta zo, 'yan Kano ko ɗaya bai je cin tuwo ba. Ta gaba ma haka. Waɗanda suka shekara suna lashe kwanon Hajiya Mariyama su ne yanzu suke cewa dama sun lura miyar tana da wani ɗanɗano. Masu kawo kaya suka fara kaiwa wani wurin. 'Yan Nijar suka ji haushi, suka ce an raina su ne, har gaisuwa ta fara wuya tsakanin mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci. Yaya ya hana ni zuwa, yana sayo min abinci da kansa. Ni kuma don kada asirina ya tonu, kun san abin da na yi? Na daina sha na mako uku. Na ji sauƙi, na yi ƙiba, kowa ya ce alhamdu lillahi, an raba shi da tuwon ya warke. Lafiyar tawa ma ta zama hujja a kan bawan Allah. Da Yaya ya koma Kano na koma ruwa, Juma'a ta dawo min da nauyinta har ta fi da, aka ce ai sauran abin ne bai gama fita ba.

Shekaranjiya da rana muna sito mu biyu, ina ɗaure kwalaye, Alhaji ya jawo ƙofa ya rufe. Duk tsawon wannan lokacin bai taɓa ce min komai ba, bai rage min albashi ba, bai canza min fuska ba.

Ya ce, "Bon, ƙanena, aje salatef ɗin ga, zamna."

Na zauna a kan kwali.

Ya ce, "Wata takwas ke nan, wata Alhamis na kai ma wani baƙo saƙo otal, can ƙetaren ruwa. Na gane ka zamne a lungu. Kai ba ka gane ni ba. Na juya na fita."

Malama, da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata takwas. Wato duk ranar da yake tura min nama ya sani. Ranar da aka fara cewa ya yi min barbaɗe ya sani. Magana ɗaya zai yi ya wanke kansa tas, bai yi ba.

Na ce, "Alhaji, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In faɗi mi? Ni na kawo ka garin ga. Uwarka ta ba ni amanarka a waya tana kuka. In tashi in tona ka gaban mutane don a ci gaba da cin tuwona? Jamais, har abada. Ba daga bakina za a ji ba. Jira nike ka zo da kanka, mu nemi magani."

Sai ya goge fuska da hularsa. Ya ce abu ɗaya ne yake cinsa. Hajiya Mariyama ba ta san komai ba, kuma ba ta daina tuƙa tuwon ba. Duk Alhamis sai ta tuƙa tukunya guda kamar da, ta jera kwanuka, ta zauna tana sauraren ƙarar lif ɗin bene ko wani zai hawo. Da La'asar ta kwashe ta ba masu gadi. Ya ce ranar nan ta tambaye shi, "Alhaji, mi na yi ma mutanen Kano? Gishiri ya yi yawa ne?"

Akwai wani dattijo da yake sasanta mu idan an samu saɓani, muna kiransa Baba Liman. Ya tafi Umra, Juma'a ta sama zai dawo, kuma an riga an tsayar cewa bayan an sauko daga masallaci za a zauna a gidansa, 'yan Kano da 'yan Nijar. Alhaji zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa sa min komai a abinci ba. Ni kuma za a tambaye ni a gaban kowa abin da na sani game da ciwona, Yaya yana saurare ta waya. Alhaji ya ce zai rantse, kuma gaskiya zai rantse a kai, amma ni da shi mun san rantsuwar ba za ta wanke shi ba. Za a ce ga shi nan, har Littafin Allah bai ji tsoro ba. Dattijo mai shekara sittin, mai furfura, za a tsayar da shi kamar ɓarawo saboda kofin da ni na ɗaga da hannuna.

Idan na faɗi gaskiya, a ranar labari zai isa Kano. Hajiyata ta sayar da 'yan kunnenta ta ba malamai don ta ceto ni, yaya za ta ji idan aka ce mata ɗan autanta mashayi ne, kuma yana kallo ta yi ta wahala? Idan jininta ya hau ta faɗi, wa ya kashe ta? Surukina ba zai bar 'yarsa ta kwana da igiyata ba, na san halinsa. Yaya da ya tsaya min da zuciya ɗaya zai zama abin dariya, shi da ya yi ta yawo da sunan mutum a baki. Ga hukumar ƙasar nan, Musulmi da giya ba abin wasa ba ne idan magana ta fita. Idan kuma na yi shiru, da wane ido zan kalli Alhaji yana dafa Alƙur'ani? Da wane baki zan ce Allah ya yafe min? Na yi tunanin in gudu gida kafin ranar, amma gudun nawa ma cewa za a yi kurciya ya yi min. Na yi tunanin in kira Yaya shi kaɗai in gaya masa, na sayi kati har sau uku, ina jin muryarsa sai in ce yaya yara.

Yau Alhamis. Kafin mu rabu ranar nan Alhaji ya ce in zo in ci tuwo, ko ni kaɗai ne. Na je. Falon da ake rasa wurin zama, mu biyu ne a cikinsa, kwanuka a jere a kife. Ya tura min nama gabana kamar kullum. Hajiya Mariyama ta leƙo daga bayan labule, muryarta har rawa take don murna, ta ce, "Sannu da zuwa ɗana, ashe ba ka yashe mu ba. A ƙaro miya?" Na ce a ƙaro.

Yanzu ina shagon intanet ina rubuta wannan, mun rufe sito, kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙafata kwale-kwale take nema. Na san abin da gobe za ta zame min idan na je, takardar likitan tana aljihuna, amma ƙuncin da nake ciki wuri ɗaya ya saba kai ni. Shi ya sa nake ta jan rubutun nan, don muddin ina kan kujerar nan ban tafi ba.

Ku taimake ni don Allah. Wanda ya taɓa fita daga wannan masifar ya gaya min ta inda ya bi. Malamai ku gaya min, asirin da Allah ya rufa min, ya halatta in ci gaba da rufe shi alhali wani ne yake biya da mutuncinsa? Iyaye mata ku gaya min, wanne uwa ta fi iya ɗauka, ɗa mashayi ko ɗa azzalumi? Kwana takwas suka rage. Matar nan ta kira ni ɗanta, ta ƙara min miya.

Me zan yi?